Mai kwance a ɗakin kulawa ta musamman: me yake ji a lokacin da ba ya iya magana?

Ɗiyar Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa kwanciya. Yayana ya yi hatsarin mota a hanyar Funtua, haƙarƙarinsa suka karye, huhu ya bugu. Aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, aka sa masa na'urar numfashi. Alhamdulillahi ya tashi, an sallame shi, yana gida. Jiki na warkewa, amma mutumin da ya dawo mana ba shi muka sani ba. Ba ya barci sai gefen asuba. Waya in ta yi ƙara sai ya zabura. Ya gaya wa matarsa wai a asibitin an ɗaure shi ana shirin binne shi da ransa, har ramin ya gani. Da muka ce masa ba a yi haka ba sai ya ja bakinsa, bai sake tayar da zancen ba. Inna ta ce a kira mai ruƙiyya, ƙaninmu ya ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Ni na rasa wanda zan kama. Akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?

Baffan Ƙaura: Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah shi ƙara sauƙi. Wanda yak kai bakin kabari yad dawo, ai dole jikinai shi girgiza. Ku ba shi lokaci, ku riƙa tuna mashi da godiyar Allah. Mutum nawa anka kai ɗakin nan ba su hito ba? Haƙuri maganin zaman duniya na.

Mai Shago a Sabon Gari: Ni ina bayan Inna. Asibiti wuri ne da ake mutuwa dare da rana, ba ya rabo da mutanen ɓoye. A yi masa ruƙiyya, ba abin da za a rasa.

Uwar Tagwaye, Mafara: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan kalma ta "ki gode Allah" ita ce ta rufe mini baki tsawon lokaci. Gaskiya ce, ba na ja. Sai dai duk sanda na buɗe baki zan faɗi abin da na gani sai a tare ni da ita, in ji kamar na yi wa Ubangiji butulci, in haɗiye.

Jijjiga ce ta kama ni ina da cikin tagwaye. Abin da na iya tunawa na ƙarshe ciwon kai ne da walƙiya a ido. Da na farka na ji abu cushe a maƙogwarona. Na yi yunƙurin kiran Innata, murya ba ta fito ba ko kaɗan. Na so in shafa cikina, na ji hannuwana ɗaure da gefen gado. Da na leƙa na ga cikin ya faɗa. Ba wanda ya ce mini komai a kan yaran, sai na yanke a raina sun mutu ana ɓoye mini. Alhali suna can ɗakin jarirai suna shan madara. Kowa ya ɗauka ba na ji ba na gani, shi ya sa ba wanda ya ga amfanin gaya mini.

Sai ƙishirwa. Wallahi ta fi ta azumin bazara nesa ba kusa ba, don mai azumi ya san magariba na zuwa, ni ban san ranar da za a ba ni ruwa ba. Ina kallon ledar ƙarin ruwa tana ɗiga ina roƙon Allah a ba ni ita in tsotsa.

Abin da ya riƙe ni, wata sista ce mai aikin dare. Duk sanda ta zo sai ta kira sunana, ta ce yau Talata ce, isha ta wuce, yanzu zan zuƙe miki majina, zai yi zafi kaɗan, ki yi haƙuri. Ita ce ta lura idona na komawa kan cikina, ta sunkuyo ta ce mace da namiji ne, dukansu suna raye. Ta jiƙa auduga da ruwan sanyi ta goga mini a leɓe. Daga ranar na daina kokawa da na'urar. Da yatsuna nake tasbihi a ɗaure, in lissafa, in ɓata, in sake. Har gobe in na ji ƙarar na'urar awon jini a asibitin yara gabana sai ya faɗi.

Sista daga Gusau: Sannu Maman tagwaye, Allah ya raya su. A irin wannan ɗaki nake aiki, bari in yi bayani.

Robar numfashi ta baki take shiga, ta ratsa tsakanin jijiyoyin murya ta sauka hanyar iska. Muddin tana nan murya ba za ta fita ba. Mu mun san da an cire za ta dawo, shi mara lafiya bai sani ba, ya ɗauka ya zama bebe ke nan. Bakinsa a buɗe dare da rana, ga magunguna masu busar da miyau, ga shi an hana shi sha don kada ruwa ya zarce huhu. Ƙarin ruwa jijiya yake cikawa, ba ya jiƙa baki.

Sai ruɗewa. Ƙarancin iskar oksijin, zazzaɓi, ƙwayoyin cuta a jini, magungunan sa barci, kwanaki babu barcin kirki, fitila a kunne ba a san dare ba a san rana ba, duka suna taɓa ƙwaƙwalwa. Wani sai ya yi ta fizge-fizge, wannan kowa na ganinsa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kwanciya lamo, ido a buɗe, ana yabonsa ana cewa ba ya ba da wahala, alhali a cikin kansa yaƙi ake yi.

Ƙanwata ta Tudun Wada, ki duba abin da muke yi wa irin yayanki kullum. Mu tuɓe shi, mu wanke masa jiki yana kwance ba ya motsi, mu juya shi dama da hagu, mu lulluɓe shi da farin zanen gado. Hannunsa a ɗaure. Wani lokaci har idonsa muke mannewa da filasta don kada ya bushe. Ku kuma ku shigo ku tsaya a kansa kuna kuka kuna karanta Yasin. Musulmin da ya taɓa halartar wankan gawa, ƙwaƙwalwarsa a ruɗe, me za ta gaya masa? Don haka ku daina ce masa ba a yi ba. An yi wani abu, fahimtarsa ce ciwo ya karkatar. Ku zauna ku tambaye shi me ya gani, ku bar shi ya kai ƙarshe ba katsewa, sannan a warware masa ɗaya bayan ɗaya: farin ƙyallen nan zanen gado ne, wankan nan na tsafta ne, masu karatun nan mu ne.

Ɗaure hannu kuwa ba mugunta ba ce. Mutum a ruɗe in ya fizge robar cikin dare zai iya rasa ransa cikin mintuna, mu kuma ba mu da yawa. Amma na yarda yana ƙara tsoro ƙwarai. Haƙƙinsa ne a gaya masa dalili kowane lokaci, a riƙa kwancewa ana duba fatar, in akwai wanda zai riƙe hannun a bar shi a sake.

Mai Shago a Sabon Gari: Sista, ku komai sai kun mayar da shi na boko. Ke nan babu aljanu? Ni dai na ga wanda aka yi wa karatu ya samu sauƙi.

Malamin Islamiyya, Tsafe: Ɗan'uwa, ba wanda ya musanta samuwar aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma ba kowace ruɗewa ce tasu ba. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa kai yana sambatu, asibiti muke kai shi. Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta alheri ce. Manzon Allah (SAW) ya kasance in ba shi da lafiya yana karanta Falaƙi da Nasi ya tofa a hannunsa ya shafe jikinsa. Matarsa ma za ta iya yi masa wannan a hankali kafin barci. Wadda nake ja wa kunne ita ce a tara ƙarti su danne shi, a yi masa tsawa a kunne, a turara masa hayaƙi. Mutumin da tsoronsa duka na dannewa da ɗaurewa ne, haƙarƙari bai gama haɗewa ba, huhu bai gama warkewa ba, wannan cutarwa ce. Kuma da zarar an ce masa yana da iska, an ɗora masa sabon tsoro a kan wanda yake ɗauke da shi.

Likitan Sa Barci: Na gode Malam. Bari in ƙara kaɗan don a san abin ba na gidanku ba ne ku kaɗai.

Irin wannan ɗaki bai daɗe a duniya ba. Ya samo asali ne daga annobar shan inna ta 1952 a Kofanhegan, babban birnin Denmak, inda ɗaliban likitanci suka yi ta matsa jakar iska da hannu dare da rana don yara su yi numfashi. Shekaru da dama hankalin likitoci na kan abu ɗaya, mutum ya fita da ransa. Sai daga baya aka lura waɗanda suka fita ɗin da yawa ba su koma daidai ba. A 2010 ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta ware wa wannan hali suna na kansa, aka kasa shi uku: raunin jiki, raunin tunani da mantuwa, sai damuwar zuciya. Bincike a Turai da Amurka ya nuna fiye da rabin waɗanda aka sa wa na'urar numfashi suna ruɗewa a wani lokaci. Bayan sallama kuma, kusan ɗaya cikin biyar na fama da firgita da munanan mafarkai irin na wanda ya tsira daga bala'i, kusan ɗaya cikin uku na nuna alamun baƙin ciki mai nauyi.

Da an ɗauka jinƙai shi ne a nutsar da mutum cikin barci mai nauyi don kada ya ji komai. Yanzu an gane yawan magunguna irin su diazepam da midazolam na ƙara ruɗewa, kuma wanda bai tuna komai na zahiri ba sai mafarkan su zame masa gaskiya. Shi ya sa ake fara kashe zafi tukuna, a rage maganin barci kullum in hali ya yi, a tayar da mutum zaune da wuri, don tsoka tana narkewa da sauri tun makon farko. Ga ƙara kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta so ƙarar ɗakin marasa lafiya da dare kada ta wuce desibel 30 a ma'aunin ƙarfin sauti, amma a irin waɗannan ɗakuna takan haura 50. Toshin kunne da rage fitila bayan isha ba su da tsada, suna taimakawa.

Ƙanwata, ku fara mayar da shi asibitin da ya kwanta ku faɗi wannan duka, tunda hatsari ne. In akwai ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan gyangyaɗi, ko wani sashen jiki ya yi rauni, a ranar za ku je, don jini kan taru a ka a hankali bayan bugu. In firgitar ta wuce wata guda ba ta raguwa, ko ya ambaci gara mutuwa, a ga likitan ƙwaƙwalwa, ko a nan ko a asibitin tarayya na Kware. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Kuma don Allah kada a saya masa maganin barci ko tramadol a kyamis.

Manomin Bakura: Likita Allah shi saka. Ni kau hankalina bai gushe ba, nan wahalata take. Ƙusa ta soke ni ga ƙahwa cikin gona, na ɗaure da tsumma na ci gaba da aiki. Bayan kwanaki baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare. Ciwon sarƙe haƙora. Wanda bai yi shi ba ba shi ganewa. Ƙohwa in anka buga, ko anka haska tocila, sai jikina duka shi lanƙwashe baya, ina ji ina gani, ban iya ihu. Sai na koma tsoron takun mutane. In na ji ana matso gado sai in hwara salati tun ba a taɓa ni ba.

Duk abin da anka hwaɗi kusa da ni na ji shi. Ƙannena sunka tsaya bakin gado suna lissahin kuɗin magani, guda ya ce ba makawa sai an sai da shanun huɗa. Sun ɗauka barci nike. Daren nan na roƙi Allah shi ɗauki raina kahin a sai da su, don in sunka tahi mi ɗiyana za su ci baɗi? Ban taɓa hwaɗa ma kowa wanga ba sai yau.

Abin da yad dawo min da ƙarhin zuciya, mai ɗakina ce ta samu shiga, ta kawo baki kusa da kunnena a hankali ta ce maƙwabta sun yi gayya sun yanke shinkahwa, an kai gida, kar ka sa komi ga rai. Sai wani ma'aikaci da kullum kahin shi taɓa ni sai ya yi min raɗa, ya ce zan ɗaga hannunka na dama. Wanga ɗan gargaɗi ya rage min azaba ƙwarai. Roƙona ga jama'a, zancen kuɗi a yi shi waje. Amma Malam, ina son in sani, roƙon nan da ni yi, da sallolin da sunka wuce ni, mi hukuncinsu?

Malamin Islamiyya, Tsafe: Allahu akbar. Sannu bawan Allah. An hana fatan mutuwa saboda cuta, amma hadisin da ya hana bai bar mai jin zafi haka nan ba, ya koya masa abin da zai ce: Ya Allah ka rayar da ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, ka ɗauki raina in mutuwa ce alheri gare ni. Ai an san zuciya kan kai can. Ka yi istigfari ka sauke wannan nauyi, tausayin iyali ne ya kai ka.

Salla kuwa, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Mai hankali a jiki yana yi da ishara gwargwadon iko, ba a dole sai an juya gado, robar fitsari ba ta hana shi. In ruwa zai cutar a yi taimama, ko wani ya taimaka masa. Waɗanda suka wuce ka kana da hankali ka rama a hankali. Wanda ya suma har lokaci ya fita, a Risala an ce babu ramuwa a kansa. Wanda magani ne ya sa shi barci malamai sun saɓa, da yawa sun ce ya rama.

Baffanmu na Ƙaura, haƙuri gaskiya ne, amma faɗin ciwo ba ya warware shi. Annabi Ayyuba ya ce cuta ta shafe ni, kai ne mafi jinƙan masu jinƙai, Allah kuma ya yabe shi da haƙuri. Manzon Allah da kansa ya ce wayyo kaina.

Likitan Sa Barci: Malam na Bakura, abu ɗaya: kamuwa da wannan ciwo ba ya ba da kariya, mutum na iya sake kamuwa. Ka tabbata ka kammala allurar riga-kafinsa.

Malamar Firamare, Gummi: Ina karantawa ina hawaye. Mahaifiyata ba ta fito ba, a ɗakin ta cika. Mintuna kaɗan ake ba mu, mutum ɗaya ɗaya. Ni in na shiga sai in tsaya daga nesa ina kallon wayoyi da robobi, ina tsoron taɓa ta kada in ɓata wani abu. Ban yi mata magana ba don na ɗauka ba ta ji. Sista, don Allah me ya sa ake korar dangi haka? A al'adarmu mara lafiya ba a barinsa shi kaɗai, ko a gida sai ɗaki ya cika.

Sista daga Gusau: Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Malama, kada ki ɗora wa kanki. Tsayuwar nesa da kika yi kusan kowa haka yake yi, aikinmu ne mu kama hannunki mu ɗora a nata, mu ce nan ba komai ki taɓa.

Dalilan taƙaitawa suna nan. Masu kwance a ɗakin jikinsu ba ya iya yaƙi da ƙwayoyin cuta, wuri ƙarami ne, gadon kusa wata ce a tuɓe ana gyara ta, ga irin Malam na Bakura da ƙara ke tayar masa da ciwo. Ɗaki ya cika da gari guda ba zai yiwu ba. Amma mutum ɗaya natsattse da ya wanke hannu, ya zauna ya riƙe hannun mara lafiya, wannan ni a wurina magani ne, kuma da ni ke tsara doka da na tsawaita lokacinsa. Wasu in sun tashi ba sa tuna komai, wasu kuma su maimaita miki abin da aka faɗa kalma da kalma. Tunda ba a bambance su daga kallo, muna ɗaukar kowa a matsayin mai ji.

Uwar Tagwaye, Mafara: Akwai kuma abin da mata ba sa iya faɗa, tsiraici. Ranar da na gane namiji na cikin masu juya ni, kunya ta fi mini zafin tiyata. Ba na iya cewa a rufe ni, ba na iya jan zane. Na san lalura ce, amma da an ja labule an ɗora mini ɗankwali da na ji ni mutum ce.

Sista daga Gusau: Kin yi gaskiya. Juya babban mutum sai mutum biyu ko uku, da dare kuma wanda ke nan shi ke nan. Amma jan labule, buɗe inda ake aiki kawai, da rufe kai, ba sa buƙatar ƙarin ma'aikata. Dangi su faɗa tun ranar farko a rubuta.

Likitan Sa Barci: Wata dabara da ta faro daga Denmak a shekarun 1980, ta yaɗu zuwa Suwidin da Nowe da Ingila, ita ce littafin gefen gado. Ma'aikata da dangi su riƙa rubuta abin da ya faru kullum cikin sauƙaƙan kalmomi: yau ka buɗe ido, yau an rage na'ura, yau wane ya zo. In ya warke ya karanta ya cike giɓin kwanakin da suka ɓace masa. Wani bincike na ƙasashen Turai a 2010 ya ga raguwar firgita, wani babba a Faransa a 2019 bai ga bambanci ba, don haka ba na ce tabbataccen magani ne ba. Amma littafi ɗaya na makaranta ne da biro, ko da ajami, ko a naɗi murya a waya. Hoto kuwa a nemi izini, kuma kada a watsa shi a WhatsApp da sunan neman addu'a. Mutum ya tashi ya tarar gari ya gama ganinsa a wannan hali, wani ciwo ne daban.

Ɗiyar Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akwai abin da ban faɗa ba. Abokinsa da ke tuƙa motar ya rasu a wurin, har yanzu ba a gaya masa ba, an ce masa yana jinya a Zariya. Yakan tambaya, sai a kawar da zancen. Wayarsa ma an ce masa ta lalace.

Baffan Ƙaura: Nan kam ina kan bakata. Kar a hwaɗa mashi yanzu. Mutum bai barci, zuciya ba ta zauna ba, ku ɗora mashi rasuwa? Dattawa sunka san dalilin da ba a kai ma mara lahiya labarin mutuwa. A jira shi ƙara ƙarhi.

Uwar Tagwaye, Mafara: Baba, ya riga ya sani, ko yana zargi. Wanda ya kwanta a ɗakin nan ya koyi karanta fuska, don ita kaɗai ta rage masa. Yana gani kuna haɗa ido in ya yi tambaya. Mutumin da ke fama ya rarrabe mafarki da gaskiya, in na kusa da shi ma suna ɓoye masa, da wa zai dafa?

Baffan Ƙaura: To in za a hwaɗi, ba mata da yara ba. A samu babba da yake jin nauyinai, ko limamin unguwa, da rana ba da dare ba, bayan likita ya duba shi. A bar shi shi yi kuka, shi tai shi yi ma iyalan gaisuwa in ya iya.

Ɗan Maru: Jama'a ni nawa yanzu ake ciki. Mahaifina na kwance tun makon jiya bayan aikin hanji. An cire masa robar baki, amma ya daina Hausa gaba ɗaya, sai Fulatanci, ma'aikatan kuma ba mai ji. Jiya ya yi ta magana yana nuna ƙofa, aka ce surutai ne aka ƙara ɗaure shi. Da na shiga na saurara, cewa yake a kira mu, fitsari ya matse shi.

Sista daga Gusau: Allah ya ba Baba lafiya. Tsoho in ya ruɗe yakan koma harshen da ya fara ji a duniya, ba sabon abu ba ne. Gobe da safe kafin zagayen likitoci ka nemi shugabar ɗakin, ka gaya mata abin da ka gaya mana, ka ce a duba robar fitsarin, takan toshe ko ta lanƙwashe, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana shi natsuwa. Ka rubuta musu kalmomin ruwa, zafi, fitsari, sanyi da salla da yadda ake faɗarsu, a manna a kan gadon. Ka roƙi a bar ɗayanku kusa da ƙofa da dare don a kira shi ya yi tafinta. In yana sa tabarau ka kai masa. Ruwa kuwa kada ka ba shi a ɓoye ko ya roƙa, bayan cire roba haɗiya kan yi rauni, ga hanjin da aka yi wa aiki. Ka tambaya ko za a bar ka ka jiƙa masa leɓe.